Mai Jiran Gidan Fatake

Sunansa na yanka Abdulmuminu, amma duk Fagge Malam Mumini ake ce masa. Layinmu ɗaya, masallacinmu ɗaya. Fiye da shekara ashirin muna gaisawa kowace safiya, shi ya nufi wurin aikinsa a ƙasa, ni in hau keke zuwa firamaren da nake koyarwa. Dogo ne siriri, ba shi da yawan magana, kuma yana da wata ɗabi'a ta tsura wa mutane ido wadda wanda bai san shi ba zai ɗauka raini ne.

Mahaifinsa dillalin atamfa ne a Kantin Kwari. Mumini yana aji huɗu a kwalejin horon malamai tsohon ya rasu, sai ya baro karatu ya dawo ya riƙe ƙannensa. Ya ɗan taɓa dillancin bai ji daɗinsa ba, don bai iya zuga mai saye ba. Abu ɗaya ya gada daga mahaifinsa, shi ne jera kaya. Tsohon yakan nuna masa cewa turmin da ake so ya fita ba a rataye shi can sama, ba a kuma jibge shi a ƙasa, ana sa shi ne daidai inda idon mace zai sauka in ta tsaya tana gyara mayafi.

A shekarar 1988 ya sami aikin jiran ɗaki a Gidan Fatake. Tsohon sito ne na wani Balaraben ɗan kasuwa, wanda wata hukuma ta karɓa ta mayar wurin ajiye kayan tarihin fatauci. Ɗaki uku ne da zaure. A ciki akwai sirdin raƙumi, da kantun gishiri, da ƙwarya cike da kuɗin wuri, da mangalar jaki, da turkuɗi mai baƙin rini, da tsohon sikelin awon gyaɗa, da wasiƙun ajami da fatake suka rubuto wa iyalansu daga hanya. Aikin Mumini shi ne ya share, ya goge gilashi, ya zauna a bayan tebur ya tabbatar kowa ya sa hannu a babban littafin baƙi, kuma kada kowa ya taɓa komai.

Matsalar ita ce babu kowan. Ƙofar gidan tana kallon lungun da mutane ke ratsawa zuwa kasuwar Singa, dubban ƙafafu na wucewa kullum, amma sai a wuni mutum biyar ba su shigo ba. Waɗanda suka shigo ɗin ma, kafin ka gama shan ruwa sun fita. Da wani ma'aikacin ne, da ya gode Allah ya shimfiɗa tabarma. Shi abin damunsa ya yi.

Sai ya fara kallo. Ya sami tsofaffin takardun ofis da aka zubar, ya zana fasalin ɗakunan a bayansu. Duk wanda ya shigo, sai ya bi tafiyarsa da fensir a kan zanen, inda ya tsaya ya ɗiga ɗigo, inda ya juya ya fita ya sa alama. Bayan wata shida ya baza takardun a ƙasa ya duba. Cikin mutum goma, takwas dama suke yi da sun shigo, su leƙa ɗakin sikeli su fice, alhali kayan da suka fi kyau suna ɗakin hagu. Ya kuma lura da waɗanda ba su shigo ba: mutum zai leƙo, ya ga tebur da tuta da ƙaton littafi da biro, sai ya ja da baya. Ya tari wata mata ya tambaye ta dalili, ta ce ita ta ɗauka ofishin haraji ne. Wani ɗan dako kuma ya ce masa shi bai iya rubutu ba, ba zai shiga inda za a ba shi kunya ba.

Mumini ya ja teburin ya kai kusurwa, ya daina miƙa wa kowa biro, shi yake rubuta sunayen bayan sun tafi. Ya jawo sirdin raƙumin ya ajiye inda za a hango shi tun daga lungu, a bakin ɗakin hagu. A satin nan layukan fensirinsa suka fara karkata.

Wadda ta buɗe masa ido sosai wata tsohuwa ce mai sayar da daddawa a gefen Singa, ana ce mata Hajja. Ruwan sama ne ya koro ta wata rana da damina. Ta ajiye farantinta, ta nemi wurin zama ta rasa, sai ta zauna a ƙasa ta jingina da bango. Can ta nuna wani abu na fata a cikin gilashi, ta tambaye shi me aka rubuta a 'yar takardar da ke gabansa, don da Turanci ne. Ya ce an rubuta mazubin ruwa ne na matafiya.

Hajja ta yi dariya har tana tari. Ta ce, "Ɗana, wa ya faɗa musu? Ruwa a salka ake zuba shi. Wannan tandun man shanu ne. Ubana madugu ne, har Gwanja yana zuwa fataucin goro. Buɗe ka shinshina."

Doka ta hana, amma ya ɗauko makulli ya buɗe. Ya kai hancinsa, ya ji ƙanshin yana nan can ƙasa-ƙasa, bayan shekarun da Allah kaɗai ya san yawansu. Ya miƙa mata, ta riƙe da hannu biyu, sannan ta shiga ba shi labarin yadda ayari ke tashi, wa ke gaba, wa ke baya, abin da mata ke dafa wa mazajensu na guzuri. Ruwa ya ɗauke ba ta tashi ba. Da za ta tafi ta ce masa gidan yana da kyau, amma kamar an gina shi ne don mutanen da ba su da gwiwa.

Daga nan ya haɗa benci biyu da katakon tsofaffin akwatuna, ya sa su a wuraren da ya ga mutane na yawan jingina da bango. Ya ajiye randa da moɗa a zaure. Ya ware ɗan tebur ya ɗora gutsuren gishiri, da kuɗin wuri kaɗan, da ƙyallen saƙi, da ɓawon huhun goro, ya ce wannan kowa ya taɓa. Saura rubutu. Ya san 'yan takardun Turancin nan ba wanda suke yi wa amfani, amma hannunsa bai iya rubutun allo ba. Wannan ne ya kai shi Sabon Gari wurin Obinna.

Obinna mai fenti ne, yana rubuta allunan shaguna da bayan manyan motoci. A Sabon Gari aka haife shi, iyayensa sun zo daga Gabas a jirgin ƙasa, sun gudu lokacin yaƙi, suka dawo bayan an gama. Gajere ne mai faɗin ƙirji, mai son musu, Hausarsa irin ta 'yan tasha. Da Mumini ya nuna masa abin da yake so a rubuta, dogon bayani a kan kowane abu, Obinna ya mayar masa da takardar. Ya ja shi har mahaɗar Bata, ya tsayar da shi a bakin titi, ya ce ya duba allunan da ke tsallake ya faɗa masa wanne ya iya karantawa kafin ɗan acaɓa ya gifta. Mumini ya karanta uku cikin kusan talatin. Duk ukun gajeru ne, manyan baƙaƙe, da hoto a gefe.

Obinna ya ce, "To ka gani, Malam. Mutum yana tafe da kaya a ka, ba shi da lokacin wa'azinka."

Suka rage kowane bayani ya koma layi biyu. Hausar boko a sama, ajami a ƙarƙashi, Turanci a ƙasa ƙanana. Obinna bai san ajami ba, don haka Mumini ke rubuta masa a takarda shi kuma ya kwaikwaya kamar zane. Allon farko daga hagu ya faro, ya zo ƙarshe kalmomin suka cakuɗe, Mumini ya yi dariyar da ban taɓa jin ya yi irinta ba sa'ad da yake ba ni labari. Da ragowar fentin ayyukansa Obinna ke yi, a lokacin da ba shi da aiki, shi ya sa allunan ba su zo kala ɗaya ba: wani shuɗin mota, wani koren kantin magani.

Ba su kafa ko ɗaya ba sai da suka gwada. Sukan ɗauki allo su shiga Singa ranar da kasuwa ta cika, su tari 'yan dako da mata masu sayayya su tambaye su me suka fahimta. A nan suka gano cewa kibiyar da Obinna ya zana don nuna hanya ba kowa ke ganewa ba, wani dattijo ma ya tambaye su ko wurin maharba ne. Suka sauya ta da hoton hannu yana nuni da yatsa. Daga baya Obinna ya kawo shawarar a zana sawun raƙumi a daɓen gidan, daga bakin ƙofa ya bi ɗakin hagu, ya zagaya na tsakiya, ya fito ta na dama. Ba sai an ce wa kowa bi nan ba. Yara kan bi sawun suna tsalle, manya su bi yaran.

Matar Obinna, Agnes, malamar makaranta ce a Sabon Gari. Ta kawo 'yan ajinta wata rana, suka zagaya, suka taɓa gishiri, suka sha ruwan randa. Da za su tafi ta tsaya ta ce masa gidan ya yi, amma wanda ya zagaya shi zai ɗauka babu wanda ya taɓa zuwa Kano a jirgin ƙasa. Mumini ya kwana biyu yana juya maganar. Sati bai cika ba ya je har gida ya tambaye ta me za a sa. Ta ba shi akwatin ƙarfen surukarta, wanda tsohuwar ta sauka da shi a tashar jirgi tana amarya, da dutsen guga na gawayi a ciki, da tikitin jirgin, da hoton ango da amarya da ya koɗe. Ya gyara musu kusurwa a ɗaki na uku, kusa da sikelin gyaɗa. Tun daga nan mutanen Sabon Gari suka fara shigowa ranar Asabar, wasu su tsaya gaban akwatin su daɗe.

Duk wannan a zamanin soja aka yi, kuma abin da ya sa ya yiwu shi ne babu wanda ya damu da gidan. Daraktan hukumar sau biyu yake leƙowa a shekara. Sau ɗaya ya ga sawun raƙumin ya tambayi wa ya ba da izini. Mumini ya sunkuyar da kai. Daraktan ya yi hamma, ya duba agogo, ya shiga mota. Rufi na yoyo, ba banɗaki, ba a taɓa ƙara wa Mumini girma ba sai sau ɗaya, amma gidan ya cika. Ni kaina kowane zango nakan kai 'yan ajina, kuma sai na yi da gaske nake fitar da su. Masu dako kan shigo su huta a benci su fita da labarin Gwanja. Hajja kan zo bayan la'asar ta zauna, in ta ga baƙi ta karɓe bayanin daga bakin Mumini, shi kuma ya koma gefe da fensirinsa.

Da aka zo zaɓen 1999, tare muka bi layi da shi a rana. Ya fito yana duba tawadar da ke babban yatsansa, ya ce mini yanzu mutanen da suka san kasuwa, suka san lungu, su za su riƙe abubuwa. Ba a daɗe ba aka naɗa wa hukumar sabon ciyaman, ɗan siyasa, wanda a lokacin yaƙin neman zaɓe ya taɓa shigowa gidan da jama'arsa, ya zauna a bencin Mumini ya sha ruwan randa ya yaba. Aka sanar cewa za a gyara Gidan Fatake gaba ɗaya, a buɗe shi ranar cikar mulkin farar hula shekara ɗaya.

Ban taɓa ganin Mumini cikin farin ciki irin na lokacin ba. Ya tattara zane-zanensa na shekara goma sha ɗaya ya ɗaure su da igiya. Ya zauna ya rubuta shafi huɗu, ya kawo mini in gyara masa Turancin. Ba abu mai yawa ya nema ba: a gyara rufi, a yi banɗaki na mata da na maza, a faɗaɗa tagogi don haske, a sassauta dokin ƙofa saboda tsofaffi da guragu, a bar ƙofar a inda take.

Kwana uku yana zuwa ofishin ciyaman yana zama a baranda. A rana ta uku aka shigar da shi. Ciyaman na zaune da sakatarensa da wani matashi mai kwat wanda kamfanin da aka ba aikin ya turo, ya baza babban zane a kan tebur. Mumini ya durƙusa ya gaishe su, ya ajiye ƙunshinsa, ya fara bayani. Bai kai ga ɗakin hagu ba ciyaman ya ɗaga hannu.

"Malam, a wane mataki kake a aiki?"

"Na huɗu, ranka ya daɗe."

"To madalla. Ka yi ƙoƙari ƙwarai. Amma ka ga yanzu mun kawo ƙwararru, mutanen da suka ga irin waɗannan gidaje a ƙasashen waje. Ka bar takardun wurin sakatare."

Mumini ya saci kallon zanen da ke kan tebur. Shekarun da ya yi yana zana ɗakunan nan sun sa ya gane shi nan take, ya kuma ga an toshe ƙofar lungu an fasa wata ta bangon da ke kallon babban titi. Ya ce, ranka ya daɗe, ko da ba za a ɗauki komai ba, a taimaka a bar ƙofar, don ta nan mutane ke wucewa. Matashin ya yi murmushi ya ce ta lungu mota ba ta shiga. Ciyaman ya ce manyan baƙi za su riƙa zuwa, ba za a sauke su cikin 'yan dako da kwata ba. Mumini ya tambayi matashin ko ya taɓa zuwa gidan ranar da kasuwa ke ci. Sakatare ya karɓi ƙunshin ya ɗora a kan wata kabad, ya buɗe masa ƙofa.

Aka rufe gidan wata bakwai. Mumini na zuwa kullum, don an ce ya riƙa gadin kayan da aka tara a ɗaki ɗaya, saboda haka komai a gabansa aka yi. Aka fasa daɓen da sawun raƙumin aka shimfiɗa tayil mai santsi. Aka toshe tagogi saboda za a sa na'urar sanyaya ɗaki. Aka ɗaga sabuwar ƙofar aka yi mata matattakala tara. Bencinan aka fitar, wai suna jawo masu zaman banza. Allunan Obinna kuwa, leburori suka ga katako ne mai kyau, suka shimfiɗa su suna kwaɓa siminti a kai. Ya roƙi shugaban leburorin ya bar masa ko biyu, mutumin ya ce ya je ya kawo takarda daga ofis.

Ana saura wata guda a buɗe, sakatare ya zo da jerin kayan da za a mayar ciki. Akwatin surukar Agnes ba ya cikin jerin. Mumini ya yi magana, sakataren ya ce wannan ba kayan gargajiyarmu ba ne, kuma a halin zaman ɗar-ɗar da gari ke ciki ba a son abin da zai jawo surutu. Aka fitar da akwatin aka ajiye a tsakar gida tare da baraguzai. Mumini ya ari baro wurin leburori, ya ɗora shi, ya tura da kansa tun daga Fagge, ya ratsa Bata da tsakar rana, har ƙofar gidan Obinna.

Agnes ce ta fito. Ta dubi akwatin, ta dube shi. Ta buɗe ta ga hoton na nan, ta rufe, ta kira wata 'yarta suka kama suka shiga da shi. Obinna ya fito da buroshi a hannu ya tambaye shi allunan fa. Mumini ya yi niyyar ya ce suna sito, amma ya kasa, ya faɗa masa gaskiya.

Obinna ya daɗe yana goge hannunsa da tsumma. Sannan ya ce, "Fentin mota ne, Malam. Ko a ƙarƙashin siminti yana nan." Ya kawo masa kujera da ruwa, suka zauna, amma hirar ta ƙi tafiya. Ba faɗa suka yi ba. Mumini ne ya riƙa jin nauyin zuwa tun daga ranar, Obinna kuma bai sake tako Fagge ba.

Ranar buɗewa na je. An kafa rumfuna, an yanka ƙyalle, ciyaman ya yi jawabi ya ce a yau an dawo wa talaka da tarihinsa. Ciki kuwa ya yi kyau a ido, ba zan yi ƙarya ba: gilashi ko'ina, fitilu, sanyi. An rubuta bayanai da Turanci a kan farantan tagulla ƙanana, an manna su sama da kan mutum. A gaban tandun an sake rubuta mazubin ruwa, don daga tsohon fayil suka kwafo. Mumini na tsaye a ƙasan matattakala cikin sabon yunifom mai ruwan toka wanda hannunsa bai kai masa wuyan hannu ba. An ba shi sabon aiki: ya hana mai kaya a ka shiga, ya hana mai silifa, ya tabbatar kowa ya sa hannu a littafi.

Bayan kwana kaɗan Hajja ta zo. Ta je lungu ta tarar da bango, sai da ta tambaya aka zagayo da ita ta titi. Ta tsufa sosai a lokacin, tana dogara sanda. Ta tsaya a gindin matattakalar tana kallon sama. Mumini ya sauko da sauri ya ce ta ajiye farantin a wurinsa, zai riƙe ta su hau a hankali, ba wanda zai ce komai. Ta tambaye shi ko akwai wurin zama a ciki. Ya ce babu. Ta tambaya ko za a bar ta ta riƙe tandun. Ya girgiza kai.

Ta ce, "Bar shi, ɗana. Wannan ba mu aka yi wa ba." Ta gyara ɗaurin zaninta ta juya. Ba ta sake zuwa ba, kuma a ƙarshen shekarar ta rasu.

Manyan baƙin sun zo sau uku ko huɗu a shekarar farko. Daga nan janareta ya lalace. In an ɗauke wuta, ɗakunan da ba taga sukan yi duhu da zafi, mutum ba ya iya minti biyar a ciki. Na kai 'yan ajina sau ɗaya, yarinya ɗaya ta zame a tayil ta fasa leɓe, sauran suka yi ta tambayata yaushe za mu tafi. Ban ƙara kai su ba. Da na faɗa wa Mumini, ya ce da shi ne ni, haka zai yi.

Bayan wata tarzoma da aka yi a gari, Obinna ya kwashe iyalinsa suka koma Gabas. Mumini bai sani ba sai bayan wata biyu, da ya daure ya je Sabon Gari ya tarar da mai sayar da kayan gyaran babur a shagon. Mutumin ya ce ba a bar masa saƙon kowa ba.

Ya ci gaba da tsayuwa a gindin matattakalar shekara takwas. An sauya ciyaman sau biyu, kowanne ya zo ya zagaya ya ce mutanenmu ba su damu da tarihi ba. Mumini yakan ce haka ne, ranka ya daɗe. Ya daina tsura wa mutane ido. Ya zama mai saurin fushi a gida, har matarsa ta taɓa kawo ƙararsa wurina, ta ce in ya dawo ba ya son kowa ya yi masa magana. Da ya yi ritaya, wani ɗan ƙanensa mai shagon kayan masarufi a Singa ya roƙe shi ya zo ya tsara masa shagon, ya ce ya ji labarin yana da ido. Mumini ya ce masa ya jera yadda ya ga dama, duk ɗaya ne.

Ciwon suga ya kama shi daga baya, ya taɓa masa ƙafa. Ni nake raka shi asibiti, don 'ya'yansa maza ba sa gari. Wani babban asibiti ne mai dogayen baranda iri ɗaya, ba allo ba alama, mutane na ta kai da kawo da kati a hannu suna tambayar juna. Muna zaune muna jiran layi wata mata ta zo da jariri a baya, ta gaji, ta ce don Allah Baba ina ne wurin gwajin jini, sau uku tana zagayowa nan. Mun je wurin da shi ba sau ɗaya ba. Na ga ya ɗaga kai ya dubi bangon da ke gabanmu, daidai mararrabar barandar, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya sauke kai ya ce mata ta tambayi ma'aikata.

Ni na tashi na raka ta. Da na dawo an kira sunansa, ya shiga shi kaɗai yana jan ƙafa.

Ya rasu bayan sallar layya ta shekarar, yana da sittin da uku. Aka yi masa salla a ƙofar masallacinmu, mutane ba su da yawa, don ranar kasuwa ce. Daga hukumar ba wanda ya zo. Bayan kwana bakwai matarsa ta aiko mini da kekensa na ɗinki da ya saya bayan ritaya bai taɓa amfani da shi ba, ta ce in nemo wanda zai so.